Mitar da Ta Koyi Cewa Lafiya Lau

Ku samarin da kuke zuwa bakin shagona a Unguwar Shanu kuna cewa in koya muku wayarin kafin hutun makaranta ya ƙare, ga amsarku a dunƙule, don na gaji da maimaita ta ɗaya bayan ɗaya. Kun ɗauki sana'ar nan wasa: a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, a naɗe da tef, a danna makunni, ƙwai ya kama, a miƙa hannu a karɓi kuɗi. Wani cikinku har ya soke tasta a aljihun gaban rigarsa, irin sukundireban nan mai ɗan ƙwai a ciki, yana tafiya yana buɗa kafaɗa kamar likita ya fito zagaye. To, tasta abu ɗaya ta sani a duniya, akwai wuta ko babu. Wannan kuwa ko akuya ce ta taka waya za ta gaya maka.

Abin da ya raba mai wayarin da mai ƙulla waya shi ne babbar mita. Ba mitar bango da ake sa wa kati nake nufi ba. Wata na'ura ce da ake ratayawa a wuya, girmanta bai wuce bulon burodi ba, tana da wayoyi masu baki kamar na kada. Ita ke gaya maka ko rigar waya ta huje a cikin bango inda ido ba ya kai wa, ko wuta tana zurarewa ta inda ba a aike ta ba, ko sandar da aka kafa a ƙasa tana aikinta. Kuma ba ta jiran a kawo wuta, da batirinta take tura tata wutar cikin waya ta ji abin da zai dawo. A garin da wuta ke zuwa kamar baƙon da bai faɗi ranar zuwansa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na fara sanin haka ne a hannun maigidana, marigayi Malam Tanko, a shagonsa na Kinkinau. Mitarsa ta zamanin da ce, ba batir, sai wani hannu a gefe da ake juyawa kamar injin taliya. Ranar da mahaifina ya kai ni, Malam Tanko ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini bakin wayoyin biyu ya ce in riƙe masa su da kyau kada su faɗi. Na riƙe da ladabi. Ya juya hannun nan sau ɗaya. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bakin titi ba, hulata a wani wuri, takalmi a wani wuri. Da na dawo sai ya ce karatun yau ya ƙare, na riga na san cewa abin da ba a jona da komai ba ma yana cizo.

A bangon shagonsa akwai wani guntun kebul da ya buga a jikin katako. Daga wani gida ya ciro shi, rigarsa ta ƙone ta ciki amma a ido sumul kamar sabo. Sunansa Ɓarawo. Kowace safiya, kafin mita ta fita aiki, sai an ɗora ta a kan Ɓarawo. Idan ta ce kebul ɗin ruɓaɓɓe ne, a rataya ta a tafi. Ni a lokacin gani nake tsufa ne kawai, har wata rana na tambaye shi don me muke tambayar mita abin da mun riga mun sani.

Ya ce, "Garba, idan ba ta gane wannan ba, wanda ni da kai mun san ɓarawo ne, yaya za ta gane wanda ba mu sani ba?"

Da ya sallame ni bai ba ni mita ba, bai ba ni filaya ba. Katakon nan ya cire daga bango ya sa mini a hammata. Abokaina suna ta dariya, wai an yaye ni da shara. Shi ne kuke gani a bayan kujerata har yau.

Tawa mitar, mai batir da gilashin lambobi, na daɗe ina tari kafin na saye ta, kuma ta yi mini aiki har fentin jikinta ya koɗe. Ta shiga gidajen ma'aikata a Unguwar Sarki, ta shiga shagunan walda, ta hau silin ɗin masallatai ta sha ƙura da kashin jemage. Ta sha gyara kuma, don ni ba maƙiyin gyara ba ne. Waya ta tsinke, a canza. Fis ya mutu, a sa wani. Murfin batir ya karye, na ɗaure shi da robar tayar keke ya zauna lafiya. Duk waɗannan ciwon fata ne, ba su taɓa hankalinta ba.

Sai shekarar da komai ya tsaya. Siminti ya yi tsada, masu gini suka rufe kangayensu da kwano suka koma gida, mu kuma muka koma gyaran fanka da soket. Ana haka cikin damina, Babbar Sallah ta matso, na samu ɗan aikin kafa at a wani gida. At shi ne sandar jan ƙarfen da ake binnewa a rami, a zuba gawayi da gishiri, don wutar da ta ɓace hanya ta samu inda za ta gangara ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. An yi ruwa, ramin ya cika. Na sunkuya ina duba sandar, igiyar da ke wuyana ta tsinke, mita ta faɗa tsulum cikin ruwan gishiri. Na ciro ta, na shanya ta a rana, na binne ta cikin shinkafa kamar yadda ake yi wa wayar salula, har mai ɗakina ta ce in dai ba ta farfaɗo ba to a dafa su tare. Ba ta farfaɗo ba.

Na je na tambayi sabuwa a kasuwa. Da mai shagon ya faɗi kuɗin sai na tambaye shi ko da mota ake haɗawa. Daga nan na wuce wajen Bala mai gyaran rediyo da talabijin, wanda shi ke yi mini ƙananan gyare-gyarenta. Bala yana da hannu, ba zan ci amanarsa ba, kuma a rayuwarsa bai taɓa cewa wani abu ya fi ƙarfinsa ba. Ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce in ba shi kwana biyu.

Ranar da na je karɓa, gilashi ya kawo haske tar, lambobi suna rawa, na haɗa bakin wayoyin ta yi ƙara yadda ta saba. Har na fara yi wa Bala addu'a, sai ga kira daga wani Alhaji Mamman, mutumin Katsina mai tireloli, wanda na taɓa yi wa aiki. Ya ce direbansa yana hanya, in zo Unguwar Sarki yanzu-yanzu. Haka aka ɗauke ni daga bakin kasuwa, ban bi ta shago ba, mita ba ta gaisa da Ɓarawo ba.

Matsalar gidan ita ce famfon tsakar gida, na ƙarfe, wanda ke shan ruwa daga tankin burtsatse. Matarsa, Hajiya Asabe, wadda ta yi aikin gwamnati har ta yi ritaya, ta ce famfon yana jan ta. Ba kullum ba, amma idan ya ja ta har gwiwar hannu take ji. Ba wanda ya yarda. Alhaji ya taɓa famfon a gabana, ya rungume shi, ya ce ga shi nan. Masu tasta sun zo kafin ni, kowa ya dangwala ya ce lafiya lau ya karɓi na mai. Daga nan magana ta juya kan Hajiya. Wata 'yar'uwar Alhaji ta ce iska ne, an fara kawo rubutu da hayaƙi. 'Ya'yanta kuma sun ce jijiya ce, ana shirin kai ta ganin likitan ƙwaƙwalwa bayan Sallah. Matar da ta riƙe ofis, yanzu idan ta yi magana a gidanta sai a dubi juna a ce to Hajiya, Allah ya sawwaƙe.

Ba wuta a unguwar a lokacin, kuma janaretan gidan ba ya ɗaukar injin burtsatse. Na cire kebul ɗin injin daga akwatinsa na ɗora mita. Ta ce lafiya lau. Na gwada layin kicin, lafiya lau. Na gwada wani tsohon soket a bayan gida da ya yi baƙi kamar gindin tukunya, shi ma wai lafiya lau, da lamba iri ɗaya. A nan jikina ya fara ba ni. Na shekara da shekaru a sana'ar nan ban taɓa shiga gidan da kowace waya ta zama waliyyiya ba.

Na ce wa Alhaji mita ta ce ba matsala, amma yau ta fito daga gyara, ni kuma ban gwada lafiyarta ba tukuna. Rabin farko kawai ya ji. Ya juya yana murmushi ya ce, "To Hajiya, kin ji. Wannan ba tasta ba ce, inji ne na Turawa."

Hajiya ta juyo. Ni ta duba ta ce, "Malam Garba, ban iya karanta injinka ba. Amma hannuna ne, na san abin da na ji. Jikokina suna zuwa Sallah, kuma a bakin famfon nan suke wuni."

Na ji nauyin maganar nan ƙwarai. Na tambaye ta yaushe yake jan ta. Ta ce yawanci da asuba, wajen alwala. Na tambayi Alhaji inda yake tasa alwalar, ya ce da butar roba, a ƙofar masallaci. Na dubi ƙafarsa, silifas ne na roba mai kauri, wanda ko barci ban tabbata yana cirewa ba. Ita kuwa Hajiya sai ta tuɓe takalmi ta tsaya kan jiƙaƙƙen daɓe ta kama ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu. Layinsu kuma da asuba aka fi kawo musu wuta, injin ya tashi da kansa ya cika tanki. Duk masu tastan da rana suka zo, lokacin da wayar take kwance ba komai a cikinta.

Zato ne dai, ba hujja ba. Kebul ɗin a binne yake ƙarƙashin sabon tayil da Alhaji ya shimfiɗa wa tsakar gidan, yana ji da shi kamar ɗan fari. Ya ce ba mai fasa masa tayil a kan zato, in inji ya nuna a fasa, in bai nuna ba a bar masa gidansa. Na ce to, amma ba zan mayar da kebul ɗin injin ba sai na dawo. Ya ɓata rai, don hakan na nufin sayen ruwa wajen 'yan garuwa, shi da ya haƙa burtsatse don unguwa ta sani. Ya ce ya ba ni zuwa jajibiri, in ban zo da magana ba zai kira mai tasta ya jona masa.

Ina isa shago ko ruwa ban sha ba na ɗora ta a kan Ɓarawo. Kebul ɗin da ya ƙone tun ina saurayi, wanda Malam Tanko ya rasu yana zagi, mitata ta dube shi ta ce lafiya lau.

Washegari na koma wa Bala da mita a wuya da katako a hammata. Ya gwada da kansa, ya sosa ƙeya. Ya ce ɓangaren da ke tura wuta mai ƙarfi ne gishiri ya cinye, bai samu irin kayansa ba, sai ya ciro mai kama da shi daga wata matacciyar talabijin. Wato tana haske, tana ƙara, amma ba ta tura abin da zai tona asirin waya. Na tambaye shi mafita. Ya ɗauko ɗan sukundirebansa ya ɗora kan wani ƙaramin dunƙule a cikinta, ya dube ni da zuciya ɗaya.

Ya ce, "Oga, wannan ba matsala ba ce. Faɗa mini lambar da kake so ta nuna a kan kebul ɗin nan, yanzu in saita mata."

Na yi dariya har na zauna a kan wata talabijin. Bala bai ga abin dariya ba, shi taimako yake. Amma a nan shawara ta yanke. Mitar da za a koya wa amsar Ɓarawo, Ɓarawo kaɗai za ta iya kamawa. Gyara na gaskiya sai an aika ta Legas wajen masu kayanta da injin auna ta, ta yi makonni, kuɗin kuma ya kusa na sabuwa, ga jajibiri a bakin ƙofa. Na nemi aro. Mutum ɗaya na sani mai irinta, yana wani aiki a Abuja, kuma ko yana gari, mai wayarin zai fi saurin ba ka aron babur ɗinsa.

Akwai rago a gidana da muka yi watanni muna kiwo saboda layya. Mai ɗakina ta fi ni shaƙuwa da shi, ita ke ba shi dusa da ƙaiƙayin wake, har magana take masa. Na zauna na yi mata bayani tun daga Malam Tanko har zuwa silifas ɗin Alhaji. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko bana mita za mu soya wa yara. Na ce layya ga mai hali ce, kuma mai wayarin da ba shi da mita ba shi da hali. Ta ce wannan fatawar a wane masallaci na ji ta. Amma da na ambaci jikokin da ke wasa a bakin famfo ba takalmi, ta tashi da kanta ta kwance igiyar ta miƙo mini, ta shige ɗaki ba ta kalli ragon ba. Rago a makon Sallah ba ya kwana a kasuwa. Na haɗa da ɗan abin da ke hannuna na nufi shagon mitoci.

Mai shagon ya sha mamaki da ya ga na ajiye ƙazamin katako a kan kantarsa na ce sai an gwada kafin in biya. Ya ce kaya a kwalinsa yake, da takardar masu ƙera shi. Na ce takardar ba ta san Ɓarawo ba. Muka ɗora. Sabuwar mita ko sallama ba ta yi ba ta ce kebul ɗin nan ruɓaɓɓe ne. Na ce madalla, ke ce matar gidan.

Na koma Unguwar Sarki ana gobe jajibiri, na tarar da kurar 'yan garuwa a ƙofa, Alhaji yana tsaye yana kallon jarkoki kamar an yi masa sata. Na kira shi, na kira Hajiya, na ajiye mitoci biyu a kan tabarma. Na fara ɗora tsohuwar a kan kebul ɗin injin, ta ce lafiya lau. Alhaji ya gyaɗa kai. Na ɗora sabuwar, lamba ta faɗi ƙasa warwas. Alhaji ya ce to ai ɗaya da ɗaya ne, wa ya ce sabuwar ce mai gaskiya? Tambaya ce mai kyau, kuma saboda ita na zo da katakon. Na yanka gefen rigar Ɓarawo kaɗan na nuna masa ƙunar da ke ciki, ya gani da idonsa, ya shinshina. Sannan na ɗora mitocin a kai ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce a kawo guduma, amma a bi layi ɗaya, kada a yi masa ɓarna.

Ba mu yi nisa ba muka samu inda cutar take, dab da gindin famfon. Kebul bai kai ba lokacin da aka haƙa burtsatsen, sai wani gwani ya ƙara guntu, ya murɗe wayoyin da hannu, ya naɗe su da baƙar leda irin ta sayen tumatir, ya ɗaure da robar taya, ya kwantar da ƙullin a jikin bututun ƙarfe ya mayar da ƙasa. Da rani ƙasa a bushe, abin ya yi ta lallaɓawa. Da damina ta sauka ledar ta cika da ruwa. Na ɗago ta tana ɗiga, ga tabon ƙuna a jikin bututun.

Alhaji ya tsuguna ya daɗe yana kallon ledar nan. Ya dubi silifas ɗinsa, ya dubi ƙafar Hajiya. Ya cire hula ya mayar. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Asabe, ashe da gaske ne."

Ta ce, "Ashe."

Ta juya. Ta shiga ciki ta fito da kwalaben rubutun nan da ƙullin hayaƙin, ta jera su a gabansa kan tayil ɗin da ya rage, ta ce a mayar wa mai su da godiya. Ta ce kuma ya kira yaran da bakinsa ya gaya musu a fasa ganin likitan. Ya ciro waya a take, ina ji yana ta kewaye-kewaye kafin ya iso kan maganar.

Na canza kebul ɗin gaba ɗaya ba ƙulli, na sa shi cikin bututun roba, na kafa wa injin at nasa, na sa abin da zai yanke wuta da kansa idan ta sake zurarewa. Na gama ina tattara kaya, Hajiya ta nuna tsohuwar mitar da ke kan tabarma ta tambaye ni me zan yi da ita. Na ce ban sani ba tukuna, wataƙila in cire wayoyinta in ajiye.

Ta ce, "Da ka bar wa Alhaji ita. Halinsu ɗaya, duk abin da ka kai musu sai su ce lafiya lau."

Alhaji ya yi dariya, don ba shi da wata hanya. Ban bar masa ba. Ga ta can a rataye kusa da Ɓarawo, har yanzu tana haske, tana ƙara, ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. A gidana kuwa a waccan Sallar naman maƙwabta muka ci, kuma har yau idan mai ɗakina ta ga sabuwar mitar a wuyana sai ta tambaye ni ko na ba ragonta dusa.

Saboda haka wanda yake son koyo a cikinku ya zo da safe, ya ajiye tastarsa a gida. Zan ba shi waya ya haɗa, in ya gama ya zaɓi mitar da za ta duba aikinsa. Wanda ya miƙa hannu ga tsohuwar da ke rataye a bango, sai mu yi sallama tun ranar, ya gaishe mini da mutanen gida.